Rigar da ake alwala da ita: yadda wata ɗaliba a Kano ta koyi dizain daga zane har talla

Asalin lamarin: Fabrairu 2022

Yarinyar nan ɗiyar ƙanwar mamana ce, duk a Kano muke, sunanta dai zan bar shi don bata son a faɗa. Ni nake riƙe mata littafin lissafi tun farkon 2023, duk odar da ta shigo da wadda aka dawo da ita ni nake rubutawa, shi yasa zaku ga ina kawo kwanan wata da adadi, ba da ka nake faɗa ba.

Ranar 14 ga Fabrairu 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki. Lokacin tana aji biyu a jami'a, shekararta 20, ta kwaso 'yan kayanta ta dawo gida da tunanin sati huɗu ne kamar yadda aka sanar da farko, ashe wata takwas za'a kwashe. Tun tana sakandare ita gwanar zane ce, bayan duk wani littafinta cike yake da 'yan mata sanye da dogayen riguna, ƙawayenta har roƙonta suke ta zana musu sitayil su kai wa tela. A ɗakin mamanta kuma akwai keken Butterfly na ƙafa, irin baƙin nan mai adon ruwan gwal, cikin kayan ɗakinta aka kawo shi, ya yi shekaru a lulluɓe da tsohon zani an ɗora kwanuka a kai. Da zama ya ishe ta sai tace ita dizain take so ta koya ba ɗinki kawai ba, abin da ta zana a takarda shi take so ta gani a jikin mutum.

Matsalar da ta bi ta kusan shekara biyu ita ce, zanen yana kyau, ɗinkin ma layinsa a miƙe, amma in an saka rigar bata zama.

Shagon unguwa: Maris zuwa Oktoba 2022

Mamanta ta kai ta wurin wata mai shagon ɗinki a unguwarsu, yara biyar ne a shagon ita ce ta shida. Wata biyun farko ko keke bata hau ba, guga ce da saka maɓalli da zuwa kai wibin da sharar ƙyallaye. Daga nan aka bata tsofaffin zannuwa tana bin layi, sai saka zif, sai kalmasa, sai shafi. Kafin Agusta tana iya haɗa riga da siket in dai an yanka mata.

Yankan kuwa uwar ɗakin nata ce kaɗai ke yi. Zata shimfiɗa atamfa a tebur, ta duba awon da aka rubuta a littafi, ta ja alli sau huɗu biyar ta sa almakashi, shikenan. Matar ta shekara sama da ashirin tana wannan aikin, idonta ya riga ya san inda zata ƙara rabin inci da inda zata rage, amma in yarinyar ta tambaya "Anti me yasa nan kika shigo ciki?" amsar kullum ɗaya ce, "ki dai dinga kallo zaki gane." Ba rowa bace, ita ma haka ta koya, abin a hannunta yake ba a bakinta ba.

Ranar 14 ga Oktoba aka janye yajin aikin ta koma makaranta, ɗinki ya koma na Asabar da Lahadi a kan keken mamanta.

Ƙaramar Sallar 2023: inda abin ya fashe

Azumin 2023 ya zo bayan wahalar nan ta ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a Fabrairu da Maris, mutane basu da kuɗin kai wa manyan teloli, sai 'yan uwa da maƙwabta suka yo kanta tunda nata da sauƙi. Ta karɓi ɗinki 11. Sallah ta kama Juma'a 21 ga Afrilu, daren jajiberi har ƙarfe uku tana kan keke.

Cikin 11 ɗin nan 4 aka dawo da su. Biyu hannu ne, in mai rigar ta ɗaga hannu zata yi kabbara sai rigar gaba ɗaya ta biyo ta sama. Ɗaya shadda ce ta matse a ƙirji, da ta farke zata buɗa sai ta tarar bata bar rara ba, ga sawun allura ya fito ɓaro-ɓaro, ita shadda in allura ta huda ta ramin baya ɓacewa. Ta huɗun ita ce ta fi ciwo, turmin Super Holland na wata gwaggonmu, daga cikin kayan lefen 'yarta ta ciro shi. Zanen atamfar reshe ne mai fuskantar sama, ita kuma garin neman yadi shidan ya ishe ta riga da siket da ɗankwali sai ta juya bayan rigar, gaba reshe yana kallon sama baya yana kallon ƙasa. Gwaggo bata yi faɗa ba, cewa kawai tayi "'yar nan, tun kafin ki sa almakashi baki tsaya kin kalle shi ba?" Mamanta ce ta biya turmin a hankali, wata uku ana biya.

Bayan Sallah ta kwana biyu ko ɗakin keken bata shiga.

Hanyoyi biyu da aka gwada: Mayu zuwa Agusta 2023

Na farko YouTube. Ta sayi data ta zauna tana bin masu koyar da yanka, ta cika littafi da lissafi, ƙirji a raba huɗu, zurfin hammata a raba ƙirji shida a ƙara inci ɗaya da rabi, da sauransu. Gaskiya ya taimaka, a karon farko ta san dalilin wasu layukan da take gani ana ja. Ta ɗinka wa ƙannenta biyu da wannan lissafin rigunan suka zauna. Da ta gwada shi a jikin mamanta, mace mai jiki wadda ta haihu bakwai, gaban rigar ya ɗage baya ya sauka, wuya ya buɗe. Lissafin an gina shi ne a kan jiki iri ɗaya, kuma babu wanda zata tambaya a cikin waya ya dubi mamanta ya ce ga inda aka kuskure.

Na biyu keke. Ta ƙudurta a ranta cewa tsohon Butterfly ne yake ba ta matsala, ta sayar da wayarta ta haɗa da adashin mamanta aka sayo keken lantarki irin na masana'anta, wanda an taɓa amfani da shi. An kawo shi a watan Yuni, sati biyu bayan cire tallafin mai na ranar 29 ga Mayu. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 kafin Yuli ya ƙare ta haura 600, wuta kuma sai ta yini bata zo ba, janareton gidan aka daina tayarwa sai da daddare. In an samu wuta keken yana gudu, ɗinki yana fita tsaf kamar na kanti. A littafina daga Yuni zuwa Agusta ta yi ɗinki 9, an dawo da 3, duk a kan hammata da ƙirji, irin ƙorafin Sallah sak.

Ajin ƙarshen mako: Satumba 2023

Wata ƙawarta ce ta faɗa mata akwai wata Hajiya da ke koyar da dizain a gidanta Asabar da Lahadi, wata shida, ɗalibai takwas kacal take ɗauka. Matar a sashen zane-zanen masana'antu na ABU Zariya ta yi karatu, ɓangaren yadi. Sharaɗinta kowace ɗaliba zata fitar da riguna biyar nata na kanta, daga tunani zuwa zane zuwa fatan (siffar sassan rigar a takarda da ake bi a yanka yadi) zuwa ɗinki zuwa hoto da farashi, kuma babu mai taɓa yadin gaske sai an wuce wata biyu.

Satin farko yarinyar ta kai zanenta guda goma sha biyu, duk irin na dina, dogon jela, duwatsu, hannu ɗaya babba ɗaya ƙarami. Hajiya ta duba ɗaya bayan ɗaya ta ajiye tace "sunyi kyau, toh wa zata saka? Ina zata je da ita? A me zata hau? In la'asar ta same ta a can ya zata yi?" Bata da amsa ko ɗaya. Aka bata aikin gida, kar ta zana komai sati biyu, ta je ta tambayi mata masu fita aiki abin da yake ba su haushi a kayan da suke sakawa.

Ta tambayi mata 14, malaman makaranta shida, ma'aikatan asibiti uku, biyu na banki, sauran 'yan kasuwa. Ni ma ina cikinsu. Abin da ta tattaro ya ba ta mamaki don babu wadda ta yi maganar sitayil. Mata 11 sun ce hannu, ko dai ya matse baya wuce gwiwar hannu sai mutum ya shiga bayi ya zare hannun rigar kafin ya yi alwala, ko kuma ya cika faɗi ya dinga zamewa cikin ruwa ka koma aji da jiƙaƙƙen hannu. Tara sun ce babu aljihu, waya sai a hannu ko a cusa a ƙirji. Masu shayarwa huɗu suka ce zif ɗin baya azaba ne. Wata malama tace siket ɗinta ya taɓa yagewa wajen hawa adaidaita sahu, tun daga ranar ta koma abaya duk da bata so.

Ta dawo ta rubuta tunanin nata a layi ɗaya a saman takarda: rigar da mace zata fita da ita tun safe, ta yi azahar da la'asar a wurin aiki ba tare da ta cire komai ba. Hajiya tace yanzu kin samu abin zanawa. Ta kuma sa ta zana kowace riga sau biyu, ɗaya a jikin mutum don kyau, ɗaya a shimfiɗe gaba da baya da layin kowane ɗinki da awonsa, wanda ko wani tela aka miƙa wa zai gane ba sai an yi masa bayani ba.

Neman yadi: Oktoba zuwa Nuwamba 2023

Na raka ta Kantin Kwari sau uku. Ta bar atamfa mai babban zane tunda ta san abin da ya faru, ta nemi yadin auduga marar zane mai ɗan nauyi wanda baya nuna jiki a rana. Ko'ina yadi ɗaya ɗaya take saya, ta je gida ta auna inci 36 ta yi alama, ta wanke ta shanya ta sake aunawa. Wani ya dawo 35 da rabi, wani har 34 da rabi. Inci ɗaya da rabi a kowane yadi, a doguwar riga mai tsayin inci 58 ya isa ya fito da idon sawu bayan wanki ɗaya. Tun daga nan ta kafa doka, ba'a yanka yadin da ba'a wanke ba.

Akwai kuma burin da take da shi tun farko na saka rinin gida. Muka je marinar Ƙofar Mata, wadda a jikin allonta an rubuta tun 1498 take, ta ba da farin yadi aka rina mata da baba. Launin wallahi ya yi kyau, shuɗin nan mai zurfi da injin baya iya fitarwa. A zanenta shuɗin zai haɗu da farin baki a wuya da hannu. Ta ɗinka ɗan gwaji ta wanke, farin ya koma ruwan toka-toka, ta goga farin hankici a busasshen yadin ma sai da ya ɗauko launi. Marinin yace mata haka baba yake, sai ya sha wanki kafin ya daina zuba. Ta wanke sau biyar ya ragu sosai amma bai daina ɗungurungum ba, kuma mai sayen nan farin hijabi ko mayafi zata ɗora a kai. Ƙarshe farin bakin ta cire, ta bar riga ɗaya tak cikin biyar a rinin baba, da shuɗi a kan shuɗi.

Akoko sau uku: Nuwamba 2023 zuwa Janairu 2024

Nan ne aikin ya fi cin lokaci. Hajiya ta sa kowacce ta fitar da fatan na asali a takarda mai kauri, na jiki da na hannu, sannan a ɗinka shi da akoko, yadin nan mai araha, a saka a jikin mutum a yi gyara da alli da fil kafin a kusanci yadin gaske. Yarinyar ta zaɓi mamanta a matsayin wadda za'a dinga gwadawa, da gangan, tace jikin da ya kayar da ni shi zan fara da shi.

Akoko na farko, ƙirji ya zauna bayan an ƙara tsayin gaba da inci ɗaya da rabi an karkatar da dat (ɗan ninkin da ake ɗinkewa don riga ta bi ƙirji), wato gaban mace mai ƙirji ya fi bayanta buƙatar tsayi, abin da lissafin raba huɗu bai faɗa mata ba kenan. Amma hannu yana nan yadda yake, Mama na ɗaga hannu riga na tashi.

A na biyu ta yi abin da take yi tun 2022 duk sanda aka ce hannu ya matse, ta ƙara zurfafa hammatar da inci biyu. Abin ya ƙara lalacewa, yanzu ko kofi Mama ta miƙa sai gefen rigar ya ɗago. Hajiya ta tsayar da ajin gaba ɗaya ta nuna musu. In ka saukar da hammata ƙasa, ka ɗaure hannun riga da jikin riga a wurin da jikin mutum baya lanƙwasawa, don haka hannu na motsi sai ya ja komai. Mai son ɗaga hannu hammatar sama ake matso da ita kusa da jiki, a rage tudun kan hannun, a ƙara faɗin damtse. Yarinyar tace min a hanya "Yaya, ashe shekara ɗaya da rabi gyaran da nake yi shi yake ƙara ɓata rigar." Idonta ya kawo ruwa da take faɗa.

Sauran dabarar a Fagge ta samo ta. Ta je sayen maɓalli ta tsaya wurin wani dattijon tela mai ɗinkin maza, ta nuna masa akokon. Ya juya shi ya kalli hammatar yace "'yata, ai wannan tun iyayenmu sun gama da shi," ya ɗauko wata tsohuwar taguwa ya nuna mata ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu da ake sakawa a hammata. In hannu yana ƙasa ƙyallen ya naɗe ya ɓuya, in an ɗaga ya buɗe. Tace "Baba inci nawa ake yi?" yace ta fara da huɗu ta gani.

Akoko na uku, an ɗaga hammata inci ɗaya a kan ta farko, ga ƙyallen inci huɗu an yanka shi a karkace don ya dinga ba da kai. Mama ta ɗaga hannu biyu, ta yi ruku'u, ta zauna zaman tahiya, gindin rigar bai motsa ba.

Bakin hannun ma sai da aka gwada iri uku. Roba ta fara sawa, tana hawa amma tana matse damtse ta bar sawu, kuma in ta jiƙe bata bushewa da wuri. Na biyu faffaɗan baki, yana zamewa. Wanda ya tsaya shi ne tsaga mai maɓalli biyu, in an ɓalle bakin ya buɗe inci 15 a matsakaicin sayis, da 'yar igiya a ciki mai maɓalli da ke riƙe hannun a sama da gwiwa har a gama alwala. Awon kuma a saman gwiwar hannu take ɗauka, hannun a lanƙwashe. Aljihu ta saka a ɗinkin gefe mai zurfin inci 7, zif na gaba inci 14 a ɓoye ƙarƙashin ninki, faɗin gindi ta ɗaga daga inci 48 zuwa 64 da ninki mai buɗewa a baya maimakon tsaga, don babu wadda ta yarda ƙafarta ta fito.

Lissafin farashi: Fabrairu 2024

Da rigunan biyar suka kammala Hajiya tace kowacce ta kawo lissafin riga ɗaya har da zare da leda. Muka zauna da littafina. A farashin da ta yi niyyar sawa, cikin kowace naira 100, yadi da shafi sun ci 58, zare da zif da maɓalli da gam da leda 9, mai da wuta 11, kuɗin mota zuwa kasuwa 7. Saura 15, kuma riga ɗaya awa bakwai take cin ta. Da muka koma kan ɗinkunan 2023 muka cire waɗanda aka dawo da su, ashe shekarar gaba ɗaya faɗuwa tayi bata sani ba.

Ga shi a watan ne dala ta haura naira 1,500, a Kwari farashin da aka faɗa maka ranar Litinin ba shi zaka tarar ranar Alhamis ba. Ta ɗaga farashin rigar, ta ce farashin na sati ɗaya ne, kuma sai an ba da kashi 70 kafin ta je kasuwa. Fatan ɗin ta fitar da shi sayis uku a kwali, tsayi kawai take gyarawa kowa da nata. Da ta fara yanka uku uku a lokaci ɗaya awa bakwai ta dawo huɗu da rabi.

Talla: Fabrairu zuwa Afrilu 2024

Tallan farko bai yi ba. Ta saka rigunan a jikin mutum-mutumi marar kai, irin wanda aka koma amfani da shi a Kano tun sanarwar Hisbah ta 2021, ta ɗauki hoto da daddare a hasken ƙwan ɗaki, ta biya wani shafin Instagram mai mabiya da yawa ya ɗora mata kwana ɗaya. An danna so da yawa, mutum 20 da wani abu sun tambayi nawa, oda ko ɗaya. A hoto doguwar riga ce kawai marar ado, duk abin da aka sha wahala a kansa a ɓoye yake, ga farashi ya fi na telan unguwa.

Hajiya tace mata ai ba riga kike sayarwa ba, ki nuna abin da rigar take yi. Suka fita tsakar gida da hantsi da ƙanwarta, waya kawai, ba'a nuna fuska ba. Hannu ya ɓalle maɓalli biyu, ya naɗe, ya maƙala igiya, aka buɗe famfo aka wanke har gwiwa, aka sauke hannun rigar a bushe, aka zaro waya daga aljihu. Daƙiƙa 25 ne duka. Ta ɗora a sitatus na WhatsApp ranar 2 ga azumi, wato 12 ga Maris, ta tura wa matan nan 14 da ta yi wa tambaya tace ga abin da maganarku ta haifar. Shida daga cikinsu suka yi oda a satin. Malamar da siket ɗinta ya yage ta saka tata ta je makaranta, daga ofis ɗin malamansu kaɗai oda bakwai ta fito.

Ranar 15 ga azumi ta rufe karɓa a kan riga 24, mutum tara ta ba haƙuri, har da wata 'yar uwa da ta yi fushi. Ta gama kwana uku kafin Sallar 10 ga Afrilu. Biyu aka dawo da su, ɗaya tsayi ne aka rage, ɗayar kuma ta rinin baba ce, ta ɓata wa mai ita farin mayafi duk da gargaɗin da aka yi mata, ta mayar mata da kuɗinta.

Bayan nan: Mayu 2024 zuwa Maris 2025

Kafin Babbar Sallah ta ga irin hannun rigarta sak a sitatus ɗin wasu teloli biyu, a farashi ƙasa da nata. Ta shiga damuwa sosai, oda ta ragu a Yuni da Yuli. Wajen Satumba wasu daga cikin waɗanda suka tafi suka dawo, ɗaya ta zo da rigar da aka yi mata a can, an kwaikwayi maɓallan da igiyar amma hammatar a zurfafe take ba ƙyalle, tana ɗaga hannu tana tashi.

Ƙarshen Oktoba 2024 da Arewa ta yi sama da sati ɗaya babu wuta, tana da anko na mutum takwas a hannu. Keken lantarkin ya zama tebur, ta koma kan Butterfly da dutsen guga na gawayi ta gama su a kan lokaci, babu wadda ta gane bambanci.

Ƙaramar Sallar 30 ga Maris 2025 ta yi riga 41 da taimakon yarinya ɗaya da ta ɗauka, an dawo da ɗaya. Abin da yake saura mata a cikin naira 100 ya kai 27. Rinin baba ta ajiye shi.

Yadda nake ganin abin

Ni a ganina shagon unguwa bai cuce ta ba, can ta samu hannu, ba don wata takwas ɗin nan na guga da zif ba da akokon ma bata iya haɗa shi da kyau ba. YouTube ya ba ta lissafi amma bai ga jikin mamanta ba. Keken lantarki kuwa shi ne kuɗin da aka kashe ba a kan ciwon ba, ya ƙara sauri da tsabtar ɗinki, bai taɓa hammata ba, kuma ni ina cikin waɗanda suka goyi bayan a saye shi a lokacin, da zamu sake da ajin zamu fara biya.

Abu biyu ne suka juya lamarin. Na ɗaya sati biyun da aka hana ta zane aka tura ta wurin mata, daga nan ta samu tunanin rigar, daga nan kuma ta samu kwastomominta na farko da kalaman da ta yi talla da su, duk tafiya ɗaya ce. Na biyu akoko, kuskuren da a da take yi a turmin lefen mutane ta koma yinsa a yadi mafi araha a kasuwa, a gaban wadda zata iya ce mata ga dalili. Masu kwaikwayo ma abin da ido ke gani suka ɗauka, inci ɗayan nan na hammata da ƙyallen Baban Fagge basa fitowa a bidiyo.

Inda har yanzu ban gamsu ba shi ne rinin Ƙofar Mata. Ina ganin ta yi saurin haƙura, riga ɗaya aka dawo da ita, kuma shi ne abu guda a cikin kayanta da wani a Legas ko Abuja ba zai samu a layinsu ba. Ita kuma tace ba zata sayar wa mai farin hijabi abin da zai ɓata mata kaya ba sai ta samu hanyar da zai daina zuba, mun sha musu a kan wannan bamu daidaita ba. Akwai kuma mata masu ƙirji sama da inci 48, sayis ɗinta uku basu ɗauke su ba, ta mayar da mutum biyar saboda haka a azumin 2025. Fatan na huɗun yana kan tebur yanzu, akoko biyu ta yi duk wuyan yana buɗewa ta baya, ranar Asabar wata maƙwabciyarsu zata zo a gwada na uku.